Dutsen da ya ruɓe a ƙarƙashin titunan Legas

Akwai wani dattijo mai haƙar rijiya da tushen gini da muke sallah masallaci ɗaya da shi a Agege. Ya haura shekara talatin yana wannan sana'a a garin nan, da diga da shebur da igiya. Wata rana bayan la'asar ana hirar ramukan da damina ta buɗe a kan titi, sai na tambaye shi: "Baba, a duk haƙan da ka yi a Legas, ka taɓa cin karo da dutse?" Ya ce, "Ɗana, dutse irin na gida, wanda diga ke tartsatsi a kansa, ban taɓa ba. A nan sama jar ƙasa ce, ka wuce ta sai yumɓu, ka wuce shi sai yashi, sai ruwa. In ka gangara Lekki ko Aja ma ba ka samun jar ƙasar. Shebur uku huɗu, ruwa ya taso maka."

Amsar Baba ita ce, a dunƙule, abin da masana ƙasa da duwatsu suka tabbatar da injin haƙa da na'urori. Legas tana zaune ne a kan wani babban kwari da suke kira kwarin Dahomey, wanda ya taso daga kudu maso gabashin Ghana, ya ratsa Togo da Jamhuriyar Benin, ya tsaya wajen Okitipupa a jihar Ondo. Shekaru miliyoyi teku da koguna suna zuba yashi da laka da ɓawon halittun ruwa a cikinsa, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ya cika. Asalin dutsen, irin wanda ya leƙo waje a Kufena ta Zariya ko Kwatarkwashi ko Zuma, yana can ƙasa, sai an nutsa fiye da kilomita guda kafin a taɓa shi. Sai ka yi arewa ka kusanci Abekuta sannan yake fitowa fili. Sunan garin ma da Yarbanci "ƙarƙashin dutse" yake nufi, saboda dutsen Olumo.

Saboda haka kusan duk abin da ake gina titi da shi a Legas baƙo ne. Tsakuwar giranait daga wuraren fasa dutse na Ogun da Oyo tifofi da tireloli ke kwaso ta. Siminti daga Ewekoro da Shagamu da Ibese. Jar ƙasa daga ramukan da aka haƙa a tudun Ikorodu da Epe da ƙauyukan Ogun. Yashi daga ƙasan lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Kwalta kuwa galibi jirgin ruwa ke kawo ta daga waje, alhali ga ta nan kwance a ƙasar Agbabu ta jihar Ondo, a gefen wannan kwari dai, ba a kai ga haƙo ta yadda ya kamata ba. A tara waɗannan baƙi wuri guda, a shimfiɗa su a kan ƙasa mai ruwa, sannan a sa tirelar tumatir daga Kano da tankar mai daga Apapa su bi ta kai dare da rana. Ruwan da ya ɗauki dubban shekaru yana cin dutse har ya mayar da shi jar ƙasa, shi ne dai ke ci gaba da aikinsa a cikin titin bayan an yanke ƙyalle an buɗe shi. Wanda bai fahimci yadda ruwa ke cin dutse ba, zai yi ta zuba kwalta yana mamakin inda take tafiya.

Mun saba cewa abu ya yi ƙarfi kamar dutse, kamar dai dutse ba ya tsufa. Yana tsufa, har ya ruɓe. A bambanta wannan da zaizaya. Zaizaya ita ce ruwa ko iska su ɗauki ƙasa daga nan su kai ta can. Ruɓewa kuwa a inda dutsen yake zaune take samunsa, ta sauya masa jiki daga ciki ba tare da ya motsa ba.

Ɗauki ƙwayar giranait guda daga tarin da aka juye a bakin wani gini, ka wanke ta, ka duba ta a rana. Za ka ga abu uku. Akwai ƙwayoyi masu ruwan toka da ke ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, wato ƙanƙara, wadda masana ke kira kwaz. Akwai farare ko masu ɗan ja-ja da suka fi yawa, su ne felsfa. Sai baƙaƙen ɓarɓashi masu sheƙi da ake iya ɓantarewa da farce, maika ke nan, kuma akwai ƙarfe a cikinta. Ruwan sama idan yana saukowa yakan haɗiyi iskar kabon, in ya shiga ƙasa ya ƙara da wadda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya zama yana da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Wannan ruwa ne ke bin tsagar dutse. Idan ya sami felsfa sai ya zuƙe gishirin da ke riƙe da ita, su fotasiyam da sodiyam da kalsiyam, ya tafi da su, abin da ya rage ya zama yumɓu. Idan ya sami baƙaƙen nan masu ƙarfe sai ƙarfen ya yi tsatsa, kuma tsatsar ce ke rina ƙasa ta yi ja. Ƙanƙara kaɗai ke gagararsa. Idan maƙwabtanta suka narke sai ta zube ɗaiɗai, ita ce yashin da muke gini da shi. Ashe yashi da yumɓu da jar ƙasa 'yan ɗaki ɗaya ne, ubansu dutse. Wani masani Ba'amurke, Samuel Goldich, ya jera wannan tsari a 1938: ma'adinan da suka fara daskarewa tun dutsen yana narke cikin tsananin zafi su ne ke fara ruɓewa a doron ƙasa, waɗanda suka daskare a ƙarshe, irin ƙanƙara, su ne ke daɗewa.

Abu biyu ke hanzarta aikin, zafi da ruwa, kuma kudu maso yamma ta haɗa su duka. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na na Kano, kuma yana zuwa ne zango biyu, na Yuni da Yuli, sai ɗan tsagaitawar Agusta, sai na Satumba da Oktoba. A arewa abin da ido ya fi gani shi ne rana ta gasa dutse dare ya sanyaya shi, yana ɓare-ɓare kamar albasa. A nan kuwa ruɓewar tana nutsawa mita gommai cikin ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Abekuta ko Ibadan ya lura da inda katafila ta yanke tudu zai ga labarin a rubuce a jikin bangon. Sama ja wur. Ƙasa da shi ja da fari sun cakuɗe dabbare-dabbare. Ƙasa kuma wani abu mai kama da dutse sak, har da zanen ƙwayoyinsa, amma in ka damƙe shi sai ya marmashe a hannu kamar dambu. A cikinsa kuma ga mulmulallun duwatsu da ruwa bai gama da su ba. Wannan mai kama da dutsen shi ne abin tsoro. Idan mai fasa dutse ya haɗa shi da lafiyayye ya loda a tifa, ido ba zai raba su ba, sai bayan rola ta bi ta kai, damina ɗaya ta wuce, ya koma gari a ƙarƙashin kwalta. Shi ya sa ake zuba samfurin tsakuwa a wata ganga mai juyawa tare da ƙwallayen ƙarfe a ga nawa zai niƙe, a kuma jiƙa shi a auna ruwan da ya sha. Gwaje-gwaje ne masu araha in aka kwatanta da kuɗin kilomita guda na titi.

Jar ƙasa ita ce ta fi daɗewa a cikin rayuwarmu. Wani likita ɗan Sikotilan, Francis Buchanan, ya gan ta a kudancin Indiya ana yanka ta ana gini, ya raɗa mata suna latarait a 1807 daga kalmar Latin mai nufin bulo. Mu kuwa tun kafin nan muna da marmara da burji, kuma kan dutsen Dala ma irin wannan ƙasa ce mai ƙarfe da ta daskare. Jar ƙasa mai burji sosai, wadda yumɓunta bai yi yawa ba, kaya ce mai kyau ƙwarai, tituna da yawa a Najeriya a kanta suke tsaye lafiya. Matsalarta ita ce ba ta da hali ɗaya. A rami guda, abin da aka kwasa da safe daga sama daban yake da wanda aka kwasa da yamma daga mita uku ƙasa, inda burji ya ƙare yumɓu ya yi yawa. Sannan ƙwayoyin burjin kansu, in rola ta matsa musu fiye da ƙima, sukan farfashe su ƙara gari. Ƙa'idar ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta tanadi gwajin ƙarfin ƙasa da ake kira CBR, inda ake danƙare samfur a tura masa ƙarfe a ga juriyarsa. Ana neman kashi 80 ga shimfiɗar da ke dab da kwalta, kashi 30 ga wadda ke ƙarƙashinta bayan an jiƙa ta. Jiƙawar nan ita ce zuciyar gwajin. Jar ƙasa busasshiya a watan Janairu takan gagari diga, ita ɗin dai a watan Yuli ƙafar yaro takan nutse a cikinta.

Yumɓu ma iri-iri ne, kuma bambancin ba ya ganuwa sai da na'urar haske mai ratsa jiki. Farin yumɓu, kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, mai natsuwa ne, ruwa ba ya kumbura shi sosai. Akwai kuma wani da ake kira simektait wanda ke shan ruwa tsakanin ɓawonsa ya kumbura da damina, ya tsuke ya tsattsage da rani. Direbobin da suka san baƙar ƙasar Numan ko ta Dikwa zuwa Gamboru ba sa bukatar bayani, sun ga titi yana tashi yana faɗawa kamar ƙirjin mai numfashi. A kwarin Dahomey ma akwai shimfiɗar laka mai ɗauke da irin wannan yumɓu a saman farar ƙasar Ewekoro, kuma hanyar Legas zuwa Abekuta ta bi ta wannan yanki. Masu bincike a jami'o'in kudu maso yamma sun daɗe suna bin sassan tituna da suka lalace da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa. Yumɓu mai ruwa yana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, yashi busasshe yana tare shi, don haka ba sai an fasa titi ba ake gane abin da ke ƙasa. Abin da suke samu yakan maimaita kansa: inda titin ya mutu, a ƙarƙashinsa akwai yumɓu, ko ruwa kusa da sama, ko duka biyun. Ilimin yana nan. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya tun 1919 take, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, NBRRI, tun 1978, da ɗakunan gwajinta a Ota, nan bakin Legas. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa sai titi ya mutu ake zuwa a auna, maimakon kafin a zuba tifar farko.

Duk wannan labarin tudu ne. Idan aka gangara gaɓa, wajen Ijora da Iganmu da Oworonshoki da bayan Lekki, ƙasar ma ba ta gama zama ƙasa ba. Taɓo ne baƙi mai laushi haɗe da ruɓaɓɓen ciyayi, a wasu wurare mita da yawa, kuma mafi yawan jikinsa ruwa ne. Ɗora masa nauyi kamar ka zauna ne a kan jiƙaƙƙiyar katifa, sai dai ruwan ba ya fita nan take, a hankali yake tsattsafowa, wata da watanni, wani lokaci shekaru, titin kuma yana bin sa ƙasa. Wani injiniya masanin ƙasa, Karl Terzaghi, shi ne ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1920, kuma maganin sananne ne: a kwashe taɓon in bai yi zurfi ba, ko a jibga masa yashi fiye da nauyin titin a jira ya gama zama, ko a soka masa magudanai a tsaye don ruwan ya fita da wuri, ko a kafa turakun kankare har su taɓa yashi mai ƙarfi. Kowanne yana cin kuɗi ko lokaci, kuma lokaci ne abin da ɗan siyasa mai shekara huɗu ya fi ƙarancinsa. Wannan tsallen da mota ke yi duk lokacin da za ta hau gada ko ta sauka, shi ne shaidar abin. Gadar tana kan turaku ba ta motsa ba, cikon da ke bakinta ne ya zauna.

Taɓon gaɓa yana da wani sirri kuma. Duk wanda ya wuce inda ake yashe lagun ya ji warin bara-gurbi. Farar wuta ce. A cikin lakar da itatuwan bakin teku da ake kira mangurob ke tsirowa, inda ruwan gishiri ke shiga kuma iska ba ta kaiwa, ƙarfe da farar wuta sukan haɗu su zama wani ma'adini mai suna fairait. Muddin yana nutse babu ruwansa da kowa. Ranar da aka tono shi aka jibge a gefen hanya, ko aka janye ruwan da ya rufe shi, iska ta same shi, sai ya fara fitar da asid irin na ruwan batir. Wannan ruɓewa ce da a da take ɗaukar ƙarnuka, katafila ta mayar da ita aikin 'yan watanni. Asid ɗin yana cin kwalbati, yana cin rodi, yana narkar da ƙarfe da alminiyam ya zuba su a rafi, kifi ya gudu ko ya mutu. Manoman shinkafa a gaɓar Kasamas ta Senegal da Gini Bisau sun daɗe da sanin irin wannan ƙasa. Masu ruwa na Lekki ma sun san ɗan'uwan abin: ka cika jarka da ruwan burtsatse garau, kafin ka tura kura zuwa gidan mai saye ya koma ruwan ɗorawa, saboda ƙarfen da ke narke a ciki ya haɗu da iska ya yi tsatsa.

Sai a zo kan kwaltar kanta. Rana tana busar da ita ta yi tauri ta tsage. Ruwa ya shiga tsagar. Giranait dutse ne mai son ruwa fiye da son kwalta, don haka a hankali ruwan ke shiga tsakaninsu ya saɓule kwaltar daga jikin tsakuwa, shi ya sa ake ƙara ɗan lamso, wato gasasshiyar farar ƙasa, ko wani sinadari a haɗin. Kowace taya da ta bi ta kan tsagar tana matsa ruwan ƙasa, in ta wuce ya dawo sama ɗauke da garin jar ƙasa. In ka ga jan ruwa yana tsartuwa daga tsagar titi bayan an ɗauke ruwan sama, cikin titin ne ke fita, rami yana tafe. Gas da baƙin mai da ke ɗiga daga motocin da suka kwana a layi suna narkar da kwalta kai tsaye, domin asalinsu ɗaya.

Nauyi kuma maganarmu ce, ba za mu kauce mata ba. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya guda sau biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau goma sha shida. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci illa. Da yawa daga masu jan waɗannan motoci 'yan'uwanmu ne, masu kawo albasa da tumatir Mile 12, masu kawo shanu Kara da Oko-Oba, masu ɗaukar kwantena da mai daga Apapa. Na san sau da yawa ba direba ke yanke nauyin ba, mai kaya ne da tsadar gas da kuɗin da ake karɓa a shingaye. Amma titin bai san wannan ba, kuma idan ya fashe, direban ne dai ke kwana uku a layi tumatir yana ruɓewa a bayansa. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwanni su ne ya kamata su fi kowa neman a dawo da sikelin auna manyan motoci, a kuma mayar da kaya masu nauyi kan jirgin ƙasa.

Wannan ne ya sa aka karkata ga kankare. Hanyar Apapa zuwa Oshodi har Oworonshoki, wadda ta zama abin kuka shekara da shekaru, da kankare kamfanin Dangote ya sake ta, a aikin da aka ƙaddamar a ƙarshen 2018 bisa tsarin cire kuɗin daga haraji. Tun da David Umahi ya zama ministan ayyuka a 2023 yake matsa wa a koma kankare. A ganina, a wuri irin Apapa hujjarsa tana da ƙarfi: kankare yana baza nauyi, gas ba ya narkar da shi, ruwan da ya kwanta a kai ba ya saɓule shi. Sai dai kankare dutse ne da mutum ya ƙera jiya, kuma dokar da ta hau giranait ta hau shi. Iskar kabon tana shiga jikinsa a hankali ta rage masa kaifin da ke kare rodi. Gishirin teku yana ratsa shi ya kai ga rodin, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. In kuma taɓon da ke ƙasa ya zauna ba daidai ba, kwalta takan lanƙwasa, kankare kuwa karyewa yake, gyaransa kuma ya fi wuya. Ga shi siminti sai an gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Mutanen Ewekoro kuwa ƙurar a kan rufinsu da ganyen rogonsu take sauka.

Nan ne ake shiga ɗaya ɓangaren lissafin, wanda ba ya fitowa a takardar kwangila. Bahaushe ya san kududdufi. Kowane tsohon gari namu yana da su, ramukan da aka ɗebi ƙasar ganuwa da tubali, suka zama matattarar ruwa da sauro, wani lokaci su ci yara. Kowane kilomita na titin Legas yana da kududdufinsa a wani ƙauye, sai dai na katafila ne, mai zurfi da gaɓa a tsaye. A wuraren fasa dutse nakiya tana tsaga bangon gidaje, ƙurar ƙanƙara kuma idan ta daɗe tana shiga huhu takan daskarar da shi, ciwon da ba ya warkewa, kuma leburorin da ke shaƙarta ba takunkumi akwai namu da yawa a ciki. Yashi shi ne ya fi duka yawa. Injinan zuƙo yashi suna aiki a Aja da Badore da Ikorodu da Epe da Badagry. Suna dagula ruwa, suna lalata inda kifi ke ƙwai, masuntan Makoko da na ƙauyukan lagun sai sun ƙara nisa. Ramin da aka yi a ƙasan ruwa kuma ba ya zama rami, yashin gefe ne ke gangarowa ya cike shi. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, da aka buɗe a 1990, turakunta da yawa riƙon yashin da ke kewaye da su ne ke ɗauke da su. Minista Umahi da bakinsa ya faɗa cewa haƙar yashi ba bisa ƙa'ida ba tana cikin abin da ya raunana ƙasan wannan gada da ta Carter. An kwashe yashin da ke riƙe da tsohuwar hanya don a yi ciko da gini a wani wuri.

Legas ta riga ta ga irin wannan darasi a bakin teku. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen shingayen dutse a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. A wannan gaɓa igiyar ruwa daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Shingen ya tare shi, ya taru a yamma, gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru har yana hawowa titin Ahmadu Bello. An yi cikon Eko Atlantic, sabon garin da ake ginawa a kan teku, da katangarsa, wannan wurin ya tsira, mazauna gabas da shi irin su Okun Alfa kuma suna kokawa cewa cin ya dawo kansu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A kan wannan gaɓa ce, daga titin Ahmadu Bello ɗin dai, aka fara babbar hanyar Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kusan kilomita 700, da kankare, kuma a ƙarshen Mayun 2025 aka buɗe kilomita 30 na farko. Ba na cikin masu cewa kada a yi ta. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Lekki zuwa Epe ya san ana bukatar wata mafita. Amma za ta bi ta yashin gaɓa da fadama da dajin mangurob, a lokacin da teku ke ƙaruwa da milimita 3 zuwa 4 a shekara, wasu sassan Legas kuma suna nutsewa saboda ciko da yawan zuƙar ruwan ƙasa. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce a yi nazari kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi magana. An yi ta jayayya a kan ko an bi wannan jeri a aikin. Ni abin da nake so in gani a fili shi ne sakamakon haƙan gwaji na kowane sashe, da inda aka ɗebo yashin, da adadin kwalbatoci da faɗinsu, domin titin da aka ɗaga a kan fadama madatsar ruwa ne ko an so ko ba a so ba. Ruwan da a da yake bazuwa ya tsiyaye zuwa lagun ko teku, dole ya sami ƙofa, in bai samu ba ya koma gidajen mutane.

Wannan na ƙarshe ba a takarda na karanta shi ba. Layin da na fara zama a kai a garin nan na ƙasa ne, da damina sai an naɗe wando. Da aka zo yi mana titi murna muka yi har da addu'a a masallaci. Ɗan kwangilar ya zuba jar ƙasa ya ɗaga hanyar sama da dandamalin gidaje, ya yi lambatu a gefe biyu, amma bakin lambatun ya fi tsakar gidajenmu tudu, kuma ƙarshensa bai haɗu da babbar magudana ba. Wani tsoho a layin ya tare injiniyan ya ce masa, "Yallaɓai, ruwan nan ta can yake bi tun muna yara, ku bar masa hanya." Aka ce masa zane ya riga ya fito. Ruwan farko na watan Yuni ya sauko daga sabon titin ya shiga ɗakuna har gwiwa. Rijiyar gidanmu ta yi ja, ta ɗauki wari, muka koma sayen ruwa a jarka. Titin yana nan, motoci suna wucewa sumul. Gidan da a da ake hawa matakala biyu a shiga, yanzu uku ake sauka, kuma duk ƙofa an gina mata ɗan bango na bulo biyu da ake tsallakawa. Da hadari ya haɗu, matan gidan sukan ɗora katifu a kan benci, ladan kuma ya naɗe dardumar masallaci ya ɗora a kan taga.